Farar Hilux ta burge ni, farantai biyu kuma sun iso da tsagu

Tauraro uku na fara ba kamfanin nan da ya sa min sola, kuma aikinsu na haɗa wayoyin wuta ne ya ciyo musu ukun. Aikin da suka yi a gida nan Kano shi ne farantan sola 8 masu wat 550, inbata 5kVA mai bolt 48, da batira masu ruwa guda 4 masu 220Ah. Masu sa sola sun yi yawa yanzu, farashinsu kuma duk kusan ɗaya ne, tunda kasuwa ɗaya suke sayayya a Sabon Gari. Abin da ya bambanta waɗannan a idon mai biya shi ne motarsu: farar Hilux mai ƙofa huɗu, a wanke tas, tambarin kamfani a ƙofa, yara sanye da riguna masu ƙyalli da hular kwano.

Kowa ya san matsayin farar Hilux a ƙasar nan. Motar ma'aikatu ce da kamfanonin gine-gine da ƙungiyoyin agaji, saboda haka duk wanda ya fito daga cikinta sunansa Injiniya tun kafin ya buɗe baki. Mai gadi zai wangale masa get, ba tambaya. Maigida zai ba shi kujera a falo, ya ji nauyin yi masa tayi, ya biya kashi 70 na kuɗin kafin a kawo ko noti ɗaya. Wanda ya zo a kan Boxer da jakar kayan aiki ɗaure a baya kuwa, a ƙofar gida za a tsayar da shi, a ce "kai malam, nawa za ka rage?", ko da shi ya koya wa mai Hilux ɗin aikin. Masu sana'ar sun gane haka, shi ya sa wasu ke cin bashin mota kafin su sayi na'urar gwaji.

To ga inda abin ya ɓata min rai. Farantin wat 550 tsayinsa ya kai kusan mita 2.3, faɗinsa mita 1.1 da 'yan kai, nauyinsa kilo 27 zuwa 28. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu kuwa wajen mita ɗaya da rabi ne kawai. Ba yadda za a yi farantin ya shige. Sai suka sauke murfin baya, suka jera takwas ɗin a kwance, wani kan wani, kusan kilo 200 ke nan a kan na ƙasa, wanda shi kuma ya hau tudun tayoyin baya, tsakiyarsa na reto. Ba kwali a tsakani, ba robar kusurwa, don sun yar da su a shago wai suna cin wuri. Suka ɗauko bel mai ƙugiya suka ɗaure ta tsakiyar gilashi suka ja har ya yi ƙara, sannan suka ɗora akwatin kayan aiki da nadin kebul a sama. A haka aka biyo da su ta ramuka da tudun rage gudu, aka gangaro hanyar unguwa da ba kwalta.

Gilashin saman faranti yana da ƙarfi, yana lanƙwasa ya dawo. Ƙwayoyin silikon da ke ƙarƙashinsa su ne ba sa haƙuri, kaurinsu bai kai rubu'in milimita ba. Idan faranti na kwance yana girgiza da nauyi a kansa, ƙwayoyin sukan yi tsagu siriri wanda ido ba ya gani, sai da kyamara ta musamman. Ranar da aka kafa komai zai yi kyau. Daga baya zafin rana da sanyin dare su riƙa buɗe tsagun, wani ɓangaren ƙwayar ya yanke daga layi, wurin ya riƙa ɗaukar zafi fiye da sauran. Kuma tunda takwas ɗin a jere aka haɗa su a layi ɗaya, mai rauni ɗaya yana janyo sauran ƙasa.

Haka kuwa aka yi. A takarda wat 4,400 ne, amma da zafin Kano duk wanda ya san aikin zai sa ran 3,300 zuwa 3,500 da tsakar rana idan farantan a goge suke. Allon inbata ya fara a nan, sannan ya riƙa sauka har ya tsaya wajen 2,700, alhali ba hazo, ba ƙurar hunturu, an kuma wanke su. Da aka kira su, yaro aka turo da mita, ya kwance kowane faranti ya auna bolt, ya ga 46, 47, ya ce lafiya lau. Wannan awon ba ya kama tsagu, don faranti mai tsagu yana nuna bolt ɗinsa daidai matuƙar ba a jan wuta daga jikinsa. Amp ake aunawa, kowane faranti shi kaɗai, rana na tsaka. Shida sun ba da wajen 13, biyu sun tsaya a 9. Biyun nan su ne na ƙasa a lodin, fentin bodin motar ma yana nan ya goge a jikin firam ɗinsu.

Kada in ci haƙƙinsu, aikin cikin ɗaki sun iya shi. Kebul ɗin batir mai lamba 35mm² suka sa, wanda shi ya dace da inbatan da ke iya jan sama da amp 100. Kawunan kebul da na'urar matsewa suka matse, ba da guduma ba. Kawunan MC4, wato filogin da ke haɗa wayoyin farantai, iri ɗaya ne duka, ba a haɗa na wannan kamfani da na wancan ba. Akwai bireka ta DC tsakanin farantai da inbata, akwai na'urar kariya daga tsawa, sandar jan ƙarfen da aka kafa a ƙasa ma da gaske aka kafa ta, ba a yanke rabi ba. A kan kwano sun sa wosha ta roba a kowane sukuru, damina ta zo ba ɗigo ko ɗaya. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi, shi ya sa na kasa gane yadda ya bari aka yi wannan lodin.

Ina cikin rubuta yabon ne na tuna maganar kuɗin mota, raina ya sake ɓaci. Batira huɗu masu ruwa kowane ya haura kilo 60, dole a tsaye za a ɗauko su don kada asid ya zube, ga farantai sun cinye bodi. Sai aka yi sawu na biyu, aka rubuta min kuɗin mai sau biyu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba wanda ke musu a kan kuɗin sufuri, amma rashin dacewar motarsu da kayansu ai ba laifin mai saye ba ne. Sandunan alminiyon da ake ɗora farantai a kai sun fi mita 4, motar kuma ba ta da abin ɗora kaya a sama, don kada a ɓata mata kyau. Sai suka yanka kowace biyu tun a kasuwa, suka zo suka haɗa da maɗauri. Kowane haɗi wuri ne da zai iya kwancewa idan iskar farkon damina ta taso. Tsani ma na maƙwabci aka aro. Kamfani mai tambari a ƙofa, ba tsani!

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Mota mai rubutun sola ta wuni a ƙofar gidanka, ta gama sanar da layi gaba ɗaya cewa akwai batira da inbata a ciki. Mai ruwa ma da leburorin da suka taya ɗaga kaya sai da suka ƙara kuɗi.

Da aka zo canza farantai biyun, bayan ja-in-ja, dillalin da suka saya a wurinsa ne ya turo su a tsohuwar Hijet, ƙaramar motar ɗaukar kaya, irin wadda ba wanda zai kalla sau biyu. Bodinta ya kusa mita biyu, a shimfiɗe yake ba tudun taya, gefunansa uku suna sauka. Direban ya kafa katako mai siffar A a tsakiya, ya jingina farantan a tsaye ta gefensu mai tsawo, gilashi na kallon gilashi, kwali a tsakani, tsohon bargo a ƙasa, bel biyu a kan firam kusa da ƙarshe, ba a tsakiya ba. Duka biyun sun ba da amp 13 da aka gwada kafin a hau da su. Irin wannan katakon kafinta zai haɗa shi a wuni ɗaya, da sun so ma a Hilux ɗin zai zauna.

Faranti ɗaya suka yarda su biya, ɗayan suka ce sai mu raba, wai ba tabbas a hanya ya lalace. Na rage musu zuwa tauraro biyu. Wanda zai ba su aiki ya sa a rubuce cewa farantai a tsaye za su zo, cikin kwalinsu, a auna amp ɗin kowane a ƙasa a gabansa kafin a hau kwano, kuɗin mota kuma sawu ɗaya ne. Ya riƙe sauran kashi 30 ɗin har sai ya ga abin da allon inbata ke nunawa da tsakar rana bayan 'yan makonni.