GARGAƊI: masu tara figogin ƙarfe ku yi hattara da mai karɓar adibas ɗin nan

Jama'a dan Allah duk wanda ya san yana tara figogi, wato 'yan mutum-mutumin jarumai na ƙarfe, su Iron Man da War Machine da Batman, ko yana da ƙani ko aboki mai wannan sha'awar, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe kafin ya sake tura wa kowa kuɗi. Akwai wani mutum, ko ma dai gungu ne Allah masani, da ke yawo a intanet yana karɓar adibas da sunan zai yi wa mutane odar figa tun kafin ta fito kasuwa. Ban kama suna ba saboda ba amfani, sunan shagon nasa canzawa yake yi, yau a rufe wannan akawun gobe ya ɓullo da wani da sabon tambari, amma salon guda ne baya canzawa, shi ya sa salon zan faɗa muku.

Da farko baya cutar kowa. Ƙananan kaya yake fara sayarwa, irin 'yan mitsi-mitsin Nano Metalfigs na kamfanin Jada waɗanda tsayinsu bai kai inci 2 ba, kuma orijinal yake turowa, a kan lokaci, har da godiya a rubuce cikin kwalin. Ka yaba masa, ya ɗauki hoton yabon naka ya manna a shafinsa, to da yabonka zai kamo na gaba. Sai an saki jiki da shi sannan ya fito da babbar, wato figar kamfanin Hot Toys ɗin nan mai girman kashi ɗaya cikin shida na girman mutum, wadda tsayinta ke kai kusan santimita 30, ya ce wai yana da hanya a wurin babban dila, an ware masa 'yan gurabe kaɗan, kuɗin kuma ƙasa da na ko'ina nesa ba kusa ba, ka ajiye rabi yanzu ka cika in kaya sun iso.

Ga inda wayon nasa yake, kuma wallahi nan ne ya fi ɓata min rai. Duk wanda ya taɓa yin odar Hot Toys ya san jira ba baƙon abu ba ne, kamfanin na Hong Kong yakan nuna hoton figa yau amma sai a shekara ko fiye kafin ta shigo hannun mutane, ɗage rana kuwa abu ne da aka saba. To shi kuma PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, kwana 180 kawai yake ba ka daga ranar da ka biya ka shigar da ƙorafi in kaya basu zo ba. Kun ga lissafin ai. Aikinsa kawai ya lallaɓa ka har wata shida su wuce. Zai riƙa turo maka saƙo mai daɗi, "yallaɓai kamfani ne ya ɗage zuwa ƙarshen shekara, ka ƙara haƙuri", wani lokacin ma gaskiya ne an ɗage ɗin, ka duba ka gani da idonka hankalinka ya ƙara kwanciya, ranar da wa'adin ya cika kuwa sai amsa ta fara wuya, daga nan shiru. Wasu ma tun farko yake ce musu su tura ta Friends and Family na PayPal zai rage musu wani abu, alhali wannan hanyar ta tura wa dangi da abokai ce, babu wata kariya ta mai saye a cikinta ko ta kwana ɗaya.

Bai tsaya nan ba fa. Wanda ya ga yana da sauƙin kai sai ya dawo masa da cewa albishir kaya sun iso sito, a cika sauran kuɗi da na aike. A ci mutum sau biyu kenan. Wasu daga nan sai ya yi bulokin ɗinsu, wasu kuma ya aiko musu da wani abu, ba don tausayi ba, don dai lambar bin sawun kaya ta nuna an kai an karɓa, in ka yi ƙorafi ya ce ga shaida.

Na riƙe ɗaya daga cikin irin abin da yake aikowa a hannuna. Kwalin laƙai-laƙai, hoton jikinsa dishi-dishi an kwafo daga intanet an buga, kana buɗewa warin fenti da gam ya doke ka. Jan fentin Iron Man da ya kamata ya yi zurfi yana sheƙi, wannan ja ne mai kama da na bokitin roba, ruwan gwal ɗin ya tsallake layi ya hau kan jan, ga layin haɗi a bayan cinya da gefen hannu ba a ko goge shi ba, gwiwa ɗaya sako-sako ɗayar kuma ta ƙage. Amma fa da nauyi. Da muka ɓalle bayan sai ga wasu guntayen baƙin ƙarfe an liƙa su da gam a cikin ƙirjin don kawai a ji nauyi a hannu, sauran duk roba ce.

Ku riƙe wannan, ƙarfen da ake zuba waɗannan figogin da shi zamak ake ce masa, yawancinsa tutiya ce aka gauraya da ɗan alminiyom da jan ƙarfe da magniziyom, kuma mayen ƙarfe baya kama shi. In ka ɗora mayen ƙarfe a faffaɗan ƙirji ko cinya ya cafke da ƙarfi to da walakin. Na ce faffaɗan wuri, don orijinal ɗin ma akwai sukurori a ciki, wasu sassan kuma da ɗan maganaɗisu ake manna su, kar wani ya je ya zargi mai gaskiya. Zamak ya ninka roba nauyi wajen sau shida, in ka taɓa shi da bayan yatsa za ka ji sanyi, nauyin kuma a baje yake a ƙafafu da gaɓoɓi ba a dunƙule wuri guda ba. Sannan ko ta gaskiyar ba dukkanta ƙarfe ba ce, wasu sassa roba ne, to duk wanda ya ce maka tasa ƙarfe ce zalla daga kai har ƙafa, ko bai san kayan ba ko yana so ya cuce ka. Hot Toys sun fara jerin nan na ƙarfe ne a 2013, kuma lambar kayan tana ɗauke da harafin D, misali figar Iron Man ta Mark 85 lambarta MMS528D30. Ka ce ya nuna maka lambar a jikin kwalin waje mai ruwan ƙasa, nan zaka ga an fara kame-kame.

Akwai kuma ɓangaren tsofaffin kaya, don yana tallan su ma, wai ya samo figogin ƙarfe na kamfanin Mego na 1979 da motar Batman ta kamfanin Corgi ta 1966 a wurin wani dattijo da ya daina tarawa. Hotunan na sata ne, ka saka su a Google Lens, manhajar bincike da hoto, zaka gan su a tsofaffin tallace-tallacen wasu mutane. In ma ya aiko da wani tsohon abu to ka duba fentin da kyau a rana. Tutiyar da aka gurɓata da dalma tana kamuwa da wata cuta, ƙarfen ya riƙa kumbura daga ciki yana tsattsagewa har ya marmashe, an fi ganinta a kayan wasan 1930 zuwa 1950 amma duk inda aka yi ha'inci a haɗin ƙarfe tana iya fitowa, danshi kuma yana ƙara mata gudu. Ba ta da magani. Macuci sai ya cike tsagar ya shafe da sabon fenti, za ka ga 'yan ƙuraje a ƙarƙashin fentin da siraran layuka kamar gashi, ko ƙafa ta ɗan karkace figar ta ƙi tsayuwa. Irin wannan ko a kabad ɗin gilashi ka kulle ta watarana gutsattsari zaka tarar.

Abin da ya sa yake ta cin karensa babu babbaka shi ne mutane na jin kunyar magana. Mutum ya tara kuɗinsa da guminsa an cuce shi amma ya yi shiru don kar a ce babba da kai kana sayen abin wasan yara. Haba jama'a, kuɗinka ne, sha'awarka ce, wanda ya kamata ya ji kunya shi ne ɓarawon. Shirun nan shi yake ba shi damar kama wani.

In zaka yi odar abin da bai fito ba tukuna, ka yi ta wurin dilan da kamfanin ya amince da shi, a Amurka misali Sideshow ne ke raba kayan Hot Toys. In kuma hannu da hannu ne da wani mai tarawa, ya yi maka bidiyo yana juya figar, ga takarda a gefe da sunanka da kwanan watan ranar an rubuta da biro, ya ɗora ta a sikeli ka ga nauyin, ya buɗe wurin batir ka gani ko ƙananan batiran fitilar sun zubo sun cinye wurin. Mai gaskiya wannan ba ya masa wuya. Ka biya ta Goods and Services, wato hanyar PayPal ta sayen kaya mai kariyar mai saye, ko da kati, in kaya sun zo kuma ka kunna kyamara tun kafin ka yanka salatif.

Wanda ya riga ya tura adibas, yau ɗin nan ka duba ranar da ka biya ka ƙirga, in kwana 180 basu cika ba ka shigar da ƙorafi yanzu, kar ka saurari wani "ka ba ni sati ɗaya", in da kati ne ka tuntuɓi bankinka kan a dawo da kuɗin. Ka ɗauki hoton duk hirarku da risit da shafin nasa kafin ya goge. Kar ka cika sauran kuɗin wai ko zaka tsira da na farko. Kuma in wani ya biyo ka ta saƙo ya ce shi gwani ne zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya shi wani abu, kar ka kula shi, sau da yawa su ɗin ne dai suka sake zagayowa da wani akawun.