Keken ɗinki a ɗaki ko shagon haɗin gwiwa?

Yarinyar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ta kuɓutar daga masu safarar mata zuwa karuwanci, in ta koyi ɗinki a Legas, zaɓi biyu ne gabanta.

A ba ta keke ta zauna ɗakinta a Agege. Asirinta a rufe, ribar tata ce. Amma ita za ta kutsa kasuwar Balogun sayo atamfa, ita za ta bi bashi, ga ɗinkin unguwa sai dab da sallah yake kankama.

Shagon haɗin gwiwa kuwa da albashin wata, da janareto, da abokan aiki masu irin tabonta. Nan na fi karkata, muddin ba za a liƙa hotonta jikin riga don jawo masu saye ba.