Na'urar ganin jirage a mashigin Solent da tambayar Yaya kan kwale-kwalen Yauri

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ga amsar tambayarka game da na'urar nan ta AIS da ka ji labari, wato na'urar da jiragen ruwa ke sanar da juna inda suke da ita, wadda kake tunanin ko za ta amfani masu kwale-kwale a Yauri.

Wajen aikina a Southampton, inda muke gyaran ƙananan jiragen shaƙatawa, yana bakin mashigin Solent ne, ruwan da ke tsakanin kudancin Ingila da tsibirin Wight, kuma a nan manyan jiragen kwantena da na fasinja suke cakuɗuwa da ɗaruruwan ƙananan jirage masu tafiya da iska. Tun daga ƙarshen 2004 dokar IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen ruwa, ta wajabta wa jiragen fasinja da na kaya masu tan 300 zuwa sama da ke ƙetare ƙasashe su riƙa sanar da sunansu, inda suke, da saurinsu ta rediyon VHF, sai bayanin ya fito a allon duk wanda ke da na'urar karɓa.

Kayan iri uku ne a kasuwa, kuma ingancinsu ya bambanta sosai. Ta manyan jirage, ajin A, tana aika saƙo duk daƙiƙa 2 zuwa 10 idan jirgi na tafiya. Ta ajin B da masu shaƙatawa suke saye, mai wat 2 kawai, sai duk daƙiƙa 30 take magana, saboda haka ƙaramin jirgi mai gudu kan riga alamarsa yin gaba. Ta ukun ita ce manhajar waya, mafi araha kuma mafi yaudara, domin ba daga jirgin take karɓar saƙo ba, sai ya biya ta tashar gaɓa da intanet tukuna. Wata safiya mai hazo kusa da Calshot, inda jirage ke shiga ruwan Southampton daga Solent, wayar wani abokin cinikinmu ta nuna mana jirgin kwantena can nesa, alhali ƙahonsa na kaɗa mana hanji. A wannan mashigar kuwa doka ta hana kusantar jirgin da tsawonsa ya wuce mita 150 da ƙasa da mita 1000 ta gabansa.

Ko mai tsadar ma wanda ya sanar da kansa kaɗai take nunawa. Jiragen yaƙin Portsmouth, tashar sojan ruwa da ke bakin Solent, suna iya kashe tasu, ƙananan jiragen kamun kifi da yawa ba su da ita, tashar da jirgi ya nufa kuma da hannu ake rubutawa, sau da yawa a manta ba a sabunta ba.

A ra'ayina, Yaya, kada ka kashe kuɗinka. A tafkin Kainji babu kwale-kwalen da ke aika saƙo, don haka allon fayau zai kasance, kuma kututturen da ke ƙarƙashin ruwa ba ya fitowa a kansa. Da kuɗin na'ura ɗaya gara na aiko da rigunan ceto, sai ka gaya mini adadin fasinjojin da jirginka yake ɗauka ranar kasuwa.