Baƙin kabul na waje: wata bakwai yana kan rufina a Ali Ɗan Sofo

Wifi nake sayarwa a unguwarmu, nan Maraɗi, tike na dala ashirin da na dala hamsin, kuma yawancin masu saye ɗaliban jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ne da ke haya a kewaye. Ina da anten uku: biyu a kan dogon ƙarfen da na kafa bisa rufi, ɗaya can bakin titi, wajen mita 70 daga ɗakin da MikroTik ɗina yake, wato na'urar da ke raba intanet. Mutane suna jin an ce wifi sai su ɗauka babu waya a cikin harkar. Ai kowace anten da kabul take rayuwa, ta nan intanet ke zuwa mata, ta nan kuma wuta ke zuwa, abin da ake kira PoE.

Kabul ɗin farko mai ruwan toka ne, na saye shi a wani shago cikin babbar kasuwa. Kwalin mita 305, an rubuta Cat6, wato ajin kabul ɗin, da manyan baƙaƙe, ga araha. Tun watan Afrilu anten ɗin bakin titi ta fara halinta: rana na take tsaka sai ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. Na zargi wuta, na zargi masu ba ni layi, har sabuwar anten na saya, duk a banza. Yara kuwa sallama suke yi har cikin gida, a maido musu kuɗin tike.

Wani matashi mai wannan aiki ne ya raba gardama. Bai ko hau rufi ba. Ya yanko guntun kabul, ya zaro sili ɗaya cikin takwas ɗin, ya kankare shi da reza, sai ga fari fat a ƙarƙashin jan. Ya kunna masa ashana, silin ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Ya ce, "Baba, wagga waya alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe." CCA ke nan. Alminiyam ba ya wuce da wuta kamar jan ƙarfe, zafi kuma na ƙara masa nawa, saboda haka volt 24 da ke fita daga ɗaki ba ya isa bakin titi da ƙarfinsa. Mita 100 da ake cewa kabul na iya kaiwa, da jan ƙarfe zalla aka yi lissafin. Da muka sauko da shi kuma, rigar ta tsattsage, don dama na cikin ɗaki ne, ba a yi shi don ranar Maraɗi ba.

Wanda nake magana a kai yanzu Cat6 ne baƙi, na waje, jan ƙarfe zalla, da takardar alminiyam naɗe da silin da wata siririyar waya tsirara a gefe. Daga Kano aka kawo mini shi. Tun wajen sauke kwalin na ji bambanci, nauyinsa ya fi na wancan nesa ba kusa ba. Ban yarda da nauyi kaɗai ba, sai da na sa reza: ja har ciki.

Wata bakwai ke nan anten ɗin ba ta sake mutuwa da rana ba. Ya ci damina guda, na hau na shafa rigar, lafiya lau. Amma kada in ba kabul ladan da ba nasa ba: yaron ya bar masa ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga bango, ruwan sama ya riƙa ɗiga a waje maimakon ya bi waya ya gangaro cikin akwatin PoE mai ba da wuta. Siririyar wayar nan kuma sai an haɗa ta da kan RJ45, wato kan da ake ɗaura wa bakin kabul, mai rigar ƙarfe, an kai ta ƙasa, sannan take kare anten daga tartsatsin da iskar hunturu ke tarawa. In ba haka ba, ka biya kuɗinta ne kawai.

Aibinsa taurin kai. Ba ya son kwana, sai ka bi shi a hankali. Kawunan da nake da su ƙanana ne, silinsa masu kauri, mun lalata shida kafin muka haƙura muka nemo nasa. Ko jera launukan ma, fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, haka har takwas, sai da yatsu suka yi ja. Kuɗinsa kuwa ya kusa ninka na wancan sau biyu, ban da na mota. Mai haɗa kwamfuta da firinta a ɗaki ɗaya ba ya bukatarsa. Mai anten a kan rufi, shi zan ce ya saya, ya kuma tafi shago da rezarsa.

Ragowar mai ruwan tokan, uwargida ta ɗaure shi a tsakar gida tana shanya. Sati uku ya yi ya tsinke da zannuwa.