BTI na Tarayyar Turai ga na'urorin duba semikondakta: yana da amfani, amma sai da haƙuri

BTI (Binding Tariff Information) hukunci ne a rubuce da kwastam ɗin wata ƙasa ta Tarayyar Turai ke bayarwa kan lambar jadawalin harajin fito da kayanka zai shigo da ita. Ana nemansa ta intanet da lambar EORI (lambar rajistar ɗan kasuwa a kwastam na tarayyar), kyauta ne sai dai in an yi gwaji ko an kira ƙwararre, kuma tun Mayun 2016 wa'adinsa shekara 3 ne. Yana ɗaure kwastam na duk ƙasashen tarayyar, kai ma yana ɗaure ka. Wannan na biyun ne mutane ke mantawa.

Ga na'urar duba faifan silikon (wanda ake ƙera semikondakta a kansa), amfaninsa a fili yake, domin rubuta lamba 8486 shi ne kuskuren da ya fi sauƙin yi. Sunan lambar ne ke ruɗin mutum: injinan ƙera semikondakta. To amma sharhi na 1 na Sashe na XVI na jadawalin, inda 8486 take, ya fitar da kayan Babi na 90 daga can, kuma aunawa da dubawa aikin Babi na 90 ne. Daga nan tambayar ita ce, da me na'urar take gani? In da haske da ruwan tabarau take neman tabo a jikin faifai, 9031.41 ce. In lantarki take aunawa a jikin faifan, 9030.82. Maikuroskop na elektron yana 9012.10, mai aiki da X-ray kuma ya nufi 9022. Hannun robot mai loda faifai, in shi kaɗai ya zo, yana iya komawa 8486.40. In a haɗe yake da na'urar, babban aikinta ake bi.

Hukuncin kuwa ba ya wuce bayanin da ka bayar. Takardar talla mai cewa na'urar “tana inganta samarwa” ba ta kai ka ko'ina. Ka tura zanen hanyar haske, nau'in abin da ke gano tabon, faɗin faifan da take ɗauka (milimita 200 ko 300), jerin sassa, da amsa ƙarara kan ko dubawa kawai take yi ko har tana gyara. Jumla ɗaya kan gyara tana iya sauya babi.

Inda yake ciwo shi ne lokaci. Kwana 30 na karɓar buƙata, sai kwana 120 na yanke hukunci, kuma neman ƙarin bayani na iya tsawaita shi. Ba ya waiwayar kayan da aka riga aka fitar daga kwastam. Ga shi buƙata ɗaya nau'in kaya ɗaya ce, alhali rigimar gaske tana kan kayan gyara: a ƙarƙashin sharhi na 2 na Babi na 90, moto ko kyamara suna tafiya lambarsu ta kansu, sai abin da ba shi da wani gida ya faɗa 9031.90 ko 9030.90. Na'urar kanta galibi ba ta biyan harajin fito saboda yarjejeniyar kayan fasahar bayanai (ITA) ta 1996 da aka faɗaɗa a 2015, amma moton na iya biya.

A kula kuma, ana wallafa hukuncin a rumbun EBTI, ma'ajiyar hukunce-hukuncen BTI ta intanet, da kowa ke iya buɗewa, har da hotuna. Sirrin ƙira sai a gurbin bayanan sirri na fom ɗin.

Mai shigo da samfuri ɗaya akai-akai ya nema tun kafin ya ba da oda. Mai na'ura guda da ta riga ta hau jirgi, hukuncin ba zai iso masa a kan kari ba.