Mai kwamfuta a gefe ko gwani da ƙwaƙwalwarsa: wa ke cin wasan ces?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗan wasan ces, wato darar Turawa, da ke duba kwamfuta kafin ya yi taku zai iya karawa da manyan gwanayen duniya masu wasa da ƙwaƙwalwarsu kaɗai. Zancen ya wuce karawa, cinye su zai yi.

A ma'aunin Elo, wanda ake auna ƙarfin 'yan ces da shi, gwani Magnus Carlsen ya kai maki 2882 a 2014, kuma babu ɗan Adam da ya taɓa haura haka. Manhajar Stockfish, wadda kyauta ake sauke ta, ana kiyasta ta sama da 3500. Tazarar maki 400 kaɗai tana nufin na sama zai kwashe kusan kashi 91 cikin 100 na makin wasanni, nan kuwa tazarar ta wuce 600. Gwani ya san fasalin allo da shirin dogon zango, amma bayan awa huɗu ko biyar gajiya takan sa shi taku ɗaya mara kyau, shi ke nan wasa ya tafi. Manhaja kuwa tana auna miliyoyin matsayi a daƙiƙa guda, ba ta gajiya.

An gwada haɗa mutum da kwamfuta tun 1998 a birnin León na Sifaniya. Manyan gwanaye Garry Kasparov da Veselin Topalov suka kara, kowa da kwamfutarsa, aka tashi 3 da 3, alhali ba da jimawa ba kafin nan Kasparov ya lallasa shi 4 da nema ba tare da na'ura ba. A 2005 kuma wasu Amurkawa biyu da makinsu bai kai 1700 ba suka lashe wata gasa ta intanet da kwamfutoci uku, suka doke gwanayen da su ma ke da nasu na'urorin. Dabararsu ita ce su kunna manhajoji daban-daban, duk inda suka saɓa sai su zurfafa bincike a nan.

Inda mai kwamfuta ke faɗuwa, yawanci hannunsa ne sila. Ko ya karɓi takun da manhaja ta fara nunawa kafin lissafinta ya yi zurfi, ko lokaci ya ƙure masa yana kai-komo tsakanin allo da na'ura, ko kuma ya ga kamar ya fi ta sani ya sauya mata taku. Wannan na ƙarshen ya fi yin ɓarna yanzu. A 2014 gwani Hikaru Nakamura ya kara da Stockfish yana samun taimakon tsohuwar manhajar Rybka; a wasa biyu ya yi canjaras ɗaya, ya sha kaye ɗaya. A ganinmu gudummawar mutum ta ragu matuƙa, in ban da a matsayin da allo ya toshe, inda manhaja kan nuna rinjaye alhali babu hanyar ci.

A gasar ido da ido ta FIDE, hukumar ces ta duniya, kuwa duba na'ura maguɗi ne, wayar da aka kama a jikinka ma tana iya sa a ba abokin karawarka wasan.