Akwatin kare wuta mai amfiya 40 da na sa wa injin fotokopina, bayan wata takwas

Ina da shagon fotokopi a Yelwa nan Garwa, injina babba ne na A3 mai durowa huɗu, na hannu na saye shi daga Duwala. Bara da faɗuwar damina, daidai lokacin da 'yan jarabawa ke cika min shago da takardunsu, aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, fitilar shago ta yi wani irin haske sai na ji ƙauri, kafin in kai hannu in cire injin ya riga ya yi shiru. Katin wutarsa ya ƙone. Kuma wallahi a jone yake da miltipiriz, wato abin jona wuta mai ramuka da yawa, mai 'yar fitila ja wadda mai kankayeri, wato mai shagon kayan gini da na wuta, ya rantse min da Allah tana tare har tsawa.

Yaron da ke min gyara da ya zo bai ce komai ba sai da ya juya injin ya haska min farantin bayansa da tocilan waya, 220-240V, amfiya 10. Ya ɗago miltipiriz ɗin ita ma amfiya 10 aka rubuta, wato wat 2200 ke nan iyakarta idan ma masu ita sun faɗi gaskiya, ni kuwa na haɗa mata injin da kwamfuta da na'urar lulluɓe kati da fanka. Ya ce Baba ai ko ba a kawo wuta mai ƙarfi ba wannan tana hanyar narkewa, duba ramin da injin ke ciki. Na duba, robar ta yi baƙi ta lotsa. Abin da ban sani ba da, abin da ke cin wuta a injin shi ne tandar da ke gasa garin tawada a jikin takarda, duk lokacin da za ta ɗau zafi sai ta fizgi wuta da yawa a lokaci ɗaya, shi ya sa ma ondilar ɗin kwamfuta, mai batirin nan da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, ba ta ɗaukarsa, na taɓa gwadawa ta yi ta kuka ta mutu.

Na fara zuwa regilatar, na'urar daidaita ƙarfin wuta, ta 2000VA saboda ita ce kuɗina ya kai, sati biyu na mayar. Da injin ya fara ɗumi sai ka ji ƙas ƙas ƙas a cikinta kamar ana fasa gyaɗa, allon injin ya yi ta ƙifce-ƙifce. Wanda zai yi regilatar ya nemi 5000VA mai ɗan inji mai juyawa a ciki, in ba haka ba ya bar kuɗinsa.

Abin da na ƙare a kai shi ne wannan ɗan akwatin da masu lantarki ke ce wa furotektar, ana maƙala shi a allon wuta kusa da disjonktar, makunnin da ke yanke wuta da kansa in an ja fiye da kima, ɗan Cana ne ba wani suna na kirki a jiki, yana da allo mai lamba ja da ke nuna ƙarfin wuta da amfiyan da ake ja. Akwai na amfiya 40 akwai na 63, na ɗauki na 40. Aikinsa ɗaya ne, wuta ta haura lambar da ka sa masa ko ta faɗi ƙasa da ita ya yanke, in ta daidaita ya jira ya mayar. Nawa mun sa 250 a sama, 190 a ƙasa, jira minti ɗaya. Yaron ya ja wa injin layinsa shi kaɗai da waya mai kauri 2.5 da disjonktar amfiya 16 da piriz, wato soket, na bango mai ƙarfen ƙasa, ba wani abu da ke raba wuta da shi.

Wannan jiran minti ɗayan shi na fi so. Mu nan arewa wutarmu yawanci daga dam ɗin Lagdo take zuwa, kuma kowa ya san yadda ake rabon ta idan ruwan Binuwai ya ja baya lokacin zafi, to sa'ar da ake dawo da ita ce ke kashe kaya, ta zo ta koma ta sake zuwa cikin daƙiƙa kaɗan. Yanzu sai in zauna ina kallon lambar tana rawa, injin bai san abin da ake ciki ba. Akwai ranar da na ga ta wuce 300, ashe wayar nitir, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ce ta tsinke a falwaya, irin wannan har 380 tana iya kaiwa, maƙwabcina tela ya rasa firij da caja biyu ni ko ƙwan fitila ban rasa ba.

Amma kar wani ya saya yana tunanin ya gama da tsawa, bai gama ba. Bugun tsawa ya fi ƙiftawar ido sauri, kafin akwatin ya yi tunanin yankewa ta wuce. Wannan aikin parafudur ne, na'urar da ke karkatar da bugun tsawa zuwa ƙasa, na sa mai 40kA a gefensa, shi kuma sai da ƙasa mai kyau, muka kafa sandar jan ƙarfe bayan shago, da rani ƙasar nan takan bushe ƙayau don haka nakan sa yara su zuba ruwan alwala a wurin. Parafudur ɗin yana da 'yar taga kore, in ta koma ja ya gama aiki a canza shi.

Inda akwatin ke ba ni haushi shi ne ba ya ƙara wuta ko kaɗan. Bayan magariba idan unguwa ta kunna komai ta sauko 185 sai ya yanke min ana tsakiyar aiki, takarda ta maƙale a cikin tanda, ga mai aiki tsaye yana ce min Alhaji gobe ne fa ranar ƙarshe ta ajiye dosiye. Na so in rage lambar zuwa 170, yaron ya ce Baba ka yi haƙuri wannan kam ban da hannuna. Sukurorinsa ma ba su da ƙwari, wata uku da sawa na ji yana ɗumi, muka buɗe ashe ɗaya ya saki, yanzu duk ƙarshen wata sai an kashe wuta an ƙara ɗaure su. Takardar bayanin da ke cikin kwali kuma Turanci ne da rubutun Cana, ko Faransanci babu, da latse-latse muka gano yadda ake sa lambobin. Regilatar 5000 ɗin dai ina tara kuɗinta, sai bayan Sallah in Allah ya kai mu.